Mutanen Lajawa, Mu Riƙe Amanar Baƙonmu!

Iyayenmu maza, iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, ku matso kusa. Magana ce da ni, kuma ba mai jiran gobe ba ce. Maganar zamanmu ce da mutanen da ba addininmu ɗaya ba.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, "Mu nan ina ruwanmu? Garinmu Musulmi ne gaba da baya. Wannan zancen mutanen Jos ne da Kaduna, zancen 'yan Sabon Garin Kano ne." Ɗan'uwa, dakata tukuna. Ɗaga kai ka dubi ƙasar Wudil da kyau.

Dubi Kwalejin 'Yan Sanda ta Ƙasa da ke Wudil. Daga jihohi 36 da Abuja ake ɗibar ɗalibanta. Dubi Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, wadda ta buɗe ƙofarta tun 2001. Malamanta da ɗalibanta daga ko'ina suke. Dubi titin da ya haye gadar Wudil ya miƙe Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno. Dare da rana ba ya rabo da matafiya. Dubi mai kyamis. Dubi bakanike. Dubi malamar asibiti. Dubi mai yi wa ƙasa hidima da aka turo ya koyar da 'ya'yanmu lissafi. Baƙi na cikinmu. Kiristoci na cikinmu. Ko mutum ɗaya ne tak a unguwa, amana ce Allah Ya ɗora mana.

Je ka Kara, kasuwar shanu ta Wudil, ranar Juma'a da hantsi. Ƙura ta tashi, shanu na kuka, dillalai na kai-kawo da sanda a kafaɗa. Ga Bafillace ya koro bijimai daga ruga. Ga falke daga Kudu, da gicciye a wuya, yana ta Hausarsa ta kasuwa. Dillali ya dafa tozon sa, ya taya. Mai sa ya ce albarka. A ƙara, ya sake cewa albarka. A ja, a ja, har a kai ga sallamawa. A biya la'ada, a shafa wa sa alama, 'yan lodi su kora shi tirela. Kafin dare motoci sun ɗau hanyar Legas da Fatakwal da Onica. Wani falken ma ba ya zuwa. Waya kawai zai bugo, ya turo miliyoyi ta banki, dillalinsa ya zaɓa masa, ya loda masa. Babu takarda. Babu shaida. Amana ce kawai.

To, wanda ka amince masa a kan shanu talatin, me zai hana ka amince masa a maƙwabtaka? Wanda kuka ci riba tare, me zai hana ku zauna lafiya tare?

Yanzu juya ka dubi namu. Ina samarinmu suke tafiya da an kawar da amfanin gona? Ci-rani. Suna Mile 12 a Legas. Suna Sabo a Ibadan. Suna Ama Hausa a Owerri. Suna kasuwar shanu ta Lokpanta a jihar Abiya. Wani na sayar da albasa, wani na tsire, wani na gyaran takalmi, wani na acaɓa, wani na gadi. Kuɗin takinmu daga can yake zuwa. Kuɗin kayan ɗakin 'ya'yanmu mata, da yawansa daga can yake zuwa. A can, ɗanka ne baƙo. A can, ɗanka ne ɗan tsiraru. A can, ɗanka ne yake kwana yana fatan mutanen gari su zama mutanen kirki.

Ku riƙe wannan da kyau. Yadda muka riƙe baƙon da ke cikinmu, garkuwa ce ga 'ya'yanmu da ke baƙunci a garin wasu. Ka kare nasu a nan, ka samu bakin cewa a kare naka a can.

Ba mu manta da Uromi ba. A ƙarshen watan Maris na 2025, mafarauta 'yan jihar Kano suka taso daga Fatakwal za su zo gida Ƙaramar Sallah. Aka tare su a Uromi ta jihar Edo. Aka ga bindigoginsu na farauta. Wani ya ɗaga murya ya ce masu garkuwa da mutane ne. Babu bincike. Babu alƙali. Babu mai cewa a dakata. Mutum 16 aka kashe, mafi yawansu 'yan ƙasar Bunkure, nan kusa da mu. Zargi ne ya kashe su. Rashin sani ne ya kashe su. Rashin mutum ɗaya mai faɗa-a-ji da zai tsaya a gabansu ne ya kashe su. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Kano ta yi kuka. Kano ta nemi a yi hukunci, kuma haƙƙinta ne. Gwamnan Edo ya tako har Kano ya yi ta'aziyya. Amma Kano ba ta huce a kan baƙin da ke cikinta ba. Wannan dattako ne. Wannan abin alfahari ne.

Ba kullum aka yi haka ba. A watan Mayun 2004, bayan kisan da aka yi wa Musulmi a Yelwan Shandam ta jihar Filato, ramuwa ta ɓarke a Kano. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe fiye da mutum 200 cikin 'yan kwanaki. Su wa aka kashe? Tela. Ɗan kasuwa. Malamin makaranta. Mutanen da ƙafarsu ba ta taɓa taka Yelwa ba. Ko mamaci ɗaya ya dawo? Bai dawo ba. Marayu ne suka ƙaru. Kasuwa ce ta mutu. Dokar hana fita ce ta kulle talaka a gida da yunwa. Haka aka yi a Oktoban 1991. Haka aka yi bayan zaɓen 2011, inda aka rasa fiye da rai 800 a jihohin Arewa. Fitinar addini gobarar hunturu ce a unguwar masu jinka: ba ta tsayawa a gidan da aka kunna ta.

Kuma mugu bai taɓa bambanta mu ba. A watan Afrilun 2012 an buɗe wa Kiristoci wuta suna ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. A watan Maris na 2013 bam ya tashi a tashar mota ta New Road a Sabon Gari. Ranar 28 ga Nuwamban 2014 bam ya tashi a Babban Masallacin Juma'a na Kano, aka rasa fiye da mutum 100. Hannu ɗaya ne ya yi duka. Asibiti ɗaya aka kai kowa. Jini ɗaya aka nema a ƙara wa kowa. Idan maƙiyi ya haɗa mu a makoki, don me za mu kasa haɗa kanmu a zaman lafiya?

Wani zai ce, "Malam, so kake mu narke, mu zama ɗaya da su?" A'a. Riƙe addininka gam. Yi sallarka a kan lokaci. Yi azuminka. Kai ɗanka makarantar allo da Islamiyya. Shi ma Kirista ya riƙe nasa. Babu wanda aka ce ya sayar da aƙidarsa. Abin da ake nema a wurinka, addininka ne ma ya fara nemansa: adalci, cika alkawari, haƙƙin maƙwabci, kare wanda ya fake da kai.

Tambayi malaminka. A shekara ta biyar da aiko Manzon Allah (SAW), da azabar Ƙuraishawa ta yi tsanani, ina ya tura sahabbansa? Habasha. Wurin wa? Wurin Najjashi, sarkin da yake Kirista a lokacin. Cikin masu hijirar har da 'yarsa Nana Ruƙayya da mijinta Sayyidina Usmanu. Ƙuraishawa suka bi sawu da kyaututtuka don a maido su. Sayyidina Ja'afar ya miƙe a fada ya karanta ayoyi daga Suratu Maryam. Sarki ya ƙi miƙa su. Musulmin farko sun ɗanɗani baƙunci, kuma ƙasar Kiristoci ce ta ba su mafaka.

Tambayi malaminka. Da Manzo (SAW) ya isa Madina, ya ƙulla yarjejeniyar zama tare da Yahudawan garin. Ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a masallacinsa. Ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude. Ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin Bayahude a kan sha'ir ɗin da ya karɓa wa iyalinsa. Sayyidina Umar ya rubuta wa mutanen Ƙudus aminci a kan rayukansu da dukiyoyinsu da majami'unsu. Wa ya fi waɗannan kishin Musulunci? Ni? Kai? Yaron da ke zage-zage a Facebook?

Kiristoci ma suna da nasu. Suna karantar da 'ya'yansu labarin Basamariyen da ya tsinci wani kwance cikin jini a bakin hanya, ya ɗauke shi, ya yi jinyarsa, alhali ba jama'arsu ɗaya ba. Kowane ɓangare yana da abin da zai tsaya a kai. Saura aiki.

Kuma an yi aikin, mun gani da idonmu.

Ranar 23 ga Yunin 2018, 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato. Jama'a suka watse, suka nufo unguwar Musulmi a Nghar Yelwa. Limamin wurin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo ne mai shekara 83 a lokacin. Ya buɗe gidansa. Ya buɗe masallacinsa. Ya shigar da mutum 262, mafi yawansu Kiristoci, ya rufe ƙofa. Sannan ya fito shi kaɗai ya tari maharan. Ba shi da bindiga. Ba shi da adda. Roƙo kawai da tsayuwar daka. Suka matsa, ya ƙi buɗewa. Suka gaji suka tafi. Da aka tambaye shi dalili, sai ya tuna cewa filin da aka gina masallacin, Kiristocin garin ne suka bayar kyauta shekaru masu yawa da suka wuce. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi. Amma kafin Amurka ta san da shi, uwaye da yawa sun riga sun sa masa albarka.

Ga Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a Kaduna. Da can abokan gaba ne, kowa da rundunar samarinsa. A rikicin Zangon Kataf na 1992, Fasto ya rasa hannunsa na dama. Imam ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Wa ya fi su dalilin riƙo? Duk da haka, a 1995 suka ajiye gaba, suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai. Su suka yi tsayin daka har malaman addini 22 suka sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna a watan Agustan 2002. Idan mai hannu ɗaya ya iya miƙa ɗayan, kai mai biyu mene ne uzurinka?

Ga Kanonmu. A watan Janairun 2012, lokacin zanga-zangar cire tallafin mai, Kiristoci sun yi wa Musulmi zobe suna gadinsu har suka idar da sallah. Ranar Lahadi kuma Musulmi suka taka har majami'un Sabon Gari suka ce wa masu ibada su kwantar da hankalinsu, garin na kowa ne. Ga Gana. A watan Afrilun 2019, babban limamin ƙasar, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, dattijon zango mai wa'azi da Hausa, ya cika shekara 100. Ya sa rawaninsa ya kai wa Kiristocin wata majami'ar Katolika a Accra ziyara ranar bikinsu na Ista. Bai bar addininsa a bakin ƙofa ba. Da shi ya shiga, da shi ya fito, girmansa sai ƙaruwa ya yi.

Tambayi tsofaffinmu da aka yi wa aikin yanar ido. Da yawansu za su ce maka asibitin ido na ECWA da ke Kano aka kai su, wanda 'yan mishan suka buɗe tun 1943. Da idon da aka gyara musu a can suka dawo suka ci gaba da tilawa. Kuma kada mu ɗauka duk Kirista daga Kudu yake. Likitan farko ɗan Arewa, Dakta R. A. B. Dikko, Kirista ne da ya tashi a hannun 'yan mishan na Zariya, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, Kirista ne. A ƙasar Sumaila da Tudun Wada da Rogo akwai Hausawa Kiristoci. Tuwonmu ɗaya. Harshenmu ɗaya. Kakanninmu ɗaya. Waɗannan ba ma baƙi ba ne, 'yan gida ne.

To, jama'ar Lajawa, ga aikin. Ba ya bukatar kwangila. Ba ya bukatar takarda daga Abuja. Kowa da rabonsa.

Fara da suna. Mai kyamis ɗin nan da kake sayen magani a wurinsa shekara da shekaru, ka san sunansa? Ka san garinsu? Ka san 'ya'yansa nawa? Tambaye shi yau. Kira shi da sunansa. Daina "arne". Daina "inyamiri". Ka san yadda zuciyarka take ɓaci idan an yi maka kiran raini a Kudu. Kada ka yi wa wani abin da kake ƙi. Gaishe shi da safe. Tambayi iyalinsa. Idan ka kwana biyu ba ka gan shi ba, leƙa. Mutumin da unguwa ta san sunansa, da wuya ɓata-gari su taɓa shi.

Sai waya. Kun san yadda abin yake. Ana zaune a majalisa bayan Isha'i, shayi na tafasa, sai saƙon murya ya shigo WhatsApp. Wani ne da ba ka san fuskarsa ba, yana haki, yana rantsuwa. "Ana kashe 'yan'uwanmu! Ku tura wa kowa!" Ga bidiyo a biye, hayaƙi da ihu. Kafin a sauke butar shayi, saƙon ya zaga gari. Ɗan'uwa, riƙe yatsanka. Tambayi kanka: wa ya ɗauka? Yaushe? A ina? Sau da yawa bidiyon tsoho ne, wani ma daga wata ƙasa. Kunna rediyo ka ji. Bugi ɗan'uwanka da ke garin da aka ambata. Idan ba ka tabbatar ba, kada ka tura. Ko ka tabbatar, in dai turawar wuta za ta hura, kada ka tura. Goge shi. Ka ce wa wanda ya turo maka ya ji tsoron Allah.

Sai ranar da zargi ya taso, Allah Ya kiyaye. Wani ya ce wane ya faɗi kaza, ko wance ta yi kaza. Jama'a sun fara taruwa. Nan ne wurin jarrabawa. A watan Yunin 2016 an kashe wata 'yar kasuwa Kirista a Ƙofar Wambai ta Kano a kan zargi. A 2023 an kashe wani mahauci Musulmi a Sakkwato a kan zargi. Taron fushi ba kotu ba ne. Ba ya jin shaida, ba ya jin rantsuwa, kuma ba ya maido da rai idan gaskiya ta fito. Ko me aka ce mutum ya yi, akwai mai unguwa, akwai 'yan sanda, akwai alƙali. Shigar da shi gida. Rufe ƙofa. Kira hukuma. Tsaya a bakin zaure. Abin da muka so a samu a Uromi, mu zama shi a Lajawa.

Iyayenmu mata, Inna, Gwaggo, Yaya, makullin yana hannunku. Abin da yaro ya ji a tsakar gida, da shi yake fita waje. Idan ya ji kina tsine wa wata ƙabila, ya haddace. Idan ya ga kin zuba tuwon Sallah a langa kin ce ya kai wa malamar asibiti, ya haddace. Ku aika musu da naman layya. Ku aika musu da kunu da ƙosai a watan azumi. Idan sun haihu, ku je barka. Idan an yi musu rasuwa, ku je gaisuwa. Idan ba su da lafiya, ku je dubiya. Zumunci a ƙafa yake.

Ku tuna da masu yi wa ƙasa hidima. Tun 1973, bayan yaƙin basasa, aka kafa tsarin don 'yan ƙasa su san juna. Ga yarinya an turo ta daga Enugu ko Kalaba. Ba ta jin Hausa. Ba ta san kowa ba. Tana kwance a ɗakin makaranta, babu wuta, sauro na cizo, uwarta na can ta kasa barci saboda labaran da ta ji game da Arewa. A 2011 an kashe irinsu goma a jihar Bauchi, kuma uwayen Kudu ba su manta ba. Ku jawo ta jiki. Ku koya mata gaisuwa. Ku nuna mata rijiya da kasuwa. Ku faɗa mata al'adun gari cikin taushi. Shekara ɗaya za ta yi, amma labarin Lajawa da za ta kai gida, har jikokinta sai sun ji. Watakila ƙanenta ne wata rana zai tsaya a gaban ɗanki a wata tasha.

Allah gafarta Malam, limamanmu da alarammominmu, mumbari amana ne. Kalma ɗaya daga bakinku ta fi jawabin gwamna tasiri a zuciyar saurayi. Ku ware huɗuba guda a kan haƙƙin maƙwabci wanda ba Musulmi ba. Ku karantar da hijirar Habasha. Ku karantar da girman alhakin jini. Mai Alfarma Sarkin Musulmi yana zama teburi ɗaya da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a majalisar NIREC, wadda aka kafa tun 1999. Idan na sama sun zauna, me zai hana limamin gari da faston Wudil su san lambar wayar juna?

Ranku ya daɗe, masu unguwanni da dagatai, ku ne iyayen ƙasa. Ku san kowane baƙo da ke ƙasarku. Ku kira shi, ku ji kukansa, ku ba shi lambarku. Ku haɗa zama lokaci-lokaci: liman, fasto, shugaban matasa, shugabar mata, sarkin kasuwa, ɗan sanda. Kada a jira sai ta ɓaci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar fitina kuma ba a fara neman lambar waya.

'Yan kasuwa, mudu ɗaya, farashi ɗaya. Kada ka ga mutum ba ya jin Hausa ka ninka masa kuɗi. Malaman makaranta, ku haɗa yara a benci ɗaya, ku hana tsokana tun tana wasa. 'Yan acaɓa da direbobi, baƙo a hannunku yake fara sauka, ku kai shi inda ya ce, ku karɓi abin da kowa ke biya.

Samari, ku ne ƙarfin gari. Kuma ku ake nema duk ranar da za a yi ɓarna. Mai ba ku kuɗi da ƙwaya, 'ya'yansa suna makaranta a Abuja ko a ƙasar waje. Ku ake kamawa. Ku ake harbi. Ku ake binnewa. Da zaɓe ya matso za su zo da rigar addini, su ce wane maƙiyin Allah ne. Ku tambaye su taki. Ku tambaye su maganin asibiti. Ku tambaye su aikin yi. Ku kai ƙarfinku inda zai yi amfani. Ku shirya gasar ƙwallo, ku gayyato ɗaliban jami'a da masu yi wa ƙasa hidima. Ku yi gayyar yashe magudanan ruwa kafin damina. Ku je asibiti tare ku ba da jini. Wanda kuka yi gumi tare da shi, ba za ka ɗaga masa sanda ba.

'Yan ci-rani, ku ne fuskarmu a can. Ku riƙe gaskiya. Ku girmama mutanen gari da dokokinsu. Idan kun dawo, kada ku kawo mana labarin cuta kaɗai. Ku faɗi na matar da ta ba ku ɗaki. Ku faɗi na maigidan da ya biya muku kuɗin asibiti. Yara su ji cewa ko'ina akwai mutanen kirki.

Mu kuma leƙa cikin gida. Ɗan Izala, ɗan Tijjaniyya, ɗan Ƙadiriyya: alƙibla ɗaya, Alƙur'ani ɗaya, Annabi ɗaya, maƙabarta ɗaya. Saɓanin fahimta na malamai ne, su zauna da littattafansu. Kai kuwa, amsa sallamar ɗan'uwanka. Je jana'izarsa. Je sunan ɗansa. Bakin da ya saba kafirta na gida ba zai yi wa na waje adalci ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ku kuma 'yan'uwanmu Kiristoci da ke zaune a ƙasar Wudil, kiran nan har da ku. Ku fito ku shiga jama'a. Ku koyi Hausa. Ku yi mana barka da Sallah, ku yi mana sannu da shan ruwa. Ku girmama abin da muke girmamawa, musamman Annabinmu da Littafinmu, domin nan ne zuciyarmu take. Idan wani ya cuce ku, ku kai ƙara wurin mai unguwa, kada ku haɗiye. Idan kun je gida, ku faɗi abin da kuka gani da idonku. Ku zama bakinmu a can, mu zama garkuwarku a nan.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Yau gari lafiya lau, to yau ne ranar aiki. Kafin Juma'a mai zuwa, kowa ya yi abu uku. Ka koyi sunan mutum ɗaya da ba addininku ɗaya ba, ka gaishe shi da shi. Ka goge saƙon fitina ɗaya ba tare da ka tura ba. Ka zaunar da yaro ɗaya ka ba shi labarin limamin Nghar Yelwa.

Uba, faɗa wa ɗanka. Uwa, faɗa wa 'yarki. Liman, faɗa a masallaci. Fasto, faɗa a majami'a. Dillali, faɗa a Kara. Direba, faɗa a tasha. A kai maganar Utai. A kai ta Darki. A kai ta Indabo da Achika da Kausani da Dagumawa, har cikin garin Wudil. Kowa ya ji, kowa ya sani: a ƙasar nan ba a taɓa baƙo. A ƙasar nan ba a hukunci a titi. A ƙasar nan ba a rama laifin wani a kan wani.

Mu tashi, mutanen Lajawa! Mu tashi tun da sauran lokaci! Allah Ya zaunar da garinmu lafiya. Allah Ya tsare 'ya'yanmu da ke nesa, Ya tsare 'ya'yan wasu da ke hannunmu. Allah Ya ba jihar Kano da Najeriya zaman lafiya mai ɗorewa. Amin summa amin.